Bin sawun kuɗin da ke sulalewa: kundin aikinmu na 2025

14 ga Janairu

Yau muka yi zaman farko na bana. An ɗora mini rubuta abin da aka yi da abin da ya gagara, don kada ƙarshen shekara ya zo kowa yana tuna nasa daban. Ba mu da yawa: Barista, Malama mai koyar da lissafin kuɗi, 'yan jarida biyu, ɗalibai kaɗan, sai dattijonmu da ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin kwastam har ya yi ritaya, wanda duk muke kira Baba. Aiki uku muka ɗaukar wa kanmu. Za mu rubuta ɗan littafi da zai fayyace wa mai karatu yadda dukiya ke fita daga ƙasashe masu tasowa, za mu shirya takardar matsaya ga jami'an da ke zuwa tattaunawar haraji a Majalisar Ɗinkin Duniya, sannan za mu zauna mu karanta yarjejeniyoyin haraji da gwamnatoci ke sa wa hannu ba tare da jama'a sun sani ba.

Na tambayi ɗaliban abin da ke faɗo musu a rai in an ce kuɗi na fita ta haramtacciyar hanya. Bakinsu ya zo ɗaya: ɗan siyasa da jaka cike da daloli a filin jirgi. Sai na karanta musu abin da kwamitin Thabo Mbeki, tsohon shugaban Afirka ta Kudu, ya miƙa wa shugabannin Tarayyar Afirka a farkon 2015. Aƙalla dala biliyan 50 ke barin Afirka duk shekara, kuma kusan kashi 65 cikin ɗari ta hanyar harkokin kamfanoni ne, kashi 30 ta miyagun laifuka irin su safarar ƙwaya da fasa-ƙwauri, cin hanci kuwa kashi 5. Ɗaya daga cikinsu ya ce shi bai yarda ba. Na ji daɗin rashin yardarsa, domin irinsa muke rubuta wa littafin. Ba wai cin hanci ƙaramin abu ba ne, shi ne ma ke buɗe wa sauran ƙofa, da ɗan gari akan ci gari. Amma mafi yawan kuɗin a kan takarda yake fita, da sa hannu da hatimi, da rana tsaka.

28 ga Janairu

Ranar 20 ga wata Donald Trump ya sa hannu a takardar da ke cewa yarjejeniyar harajin da aka ƙulla ƙarƙashin OECD, ƙungiyar ƙasashe masu arziki, ba ta da wani ƙarfi a Amurka. Ita ce wadda ƙasashe 136 suka amince da ita a Oktoban 2021, mai cewa manyan kamfanoni su biya aƙalla kashi 15 cikin ɗari. Kenya, Najeriya, Pakistan da Siri Lanka sun ƙi sa hannu a lokacin, aka yi ta ɗaukarsu masu taurin kai. Barista ta ce mu buɗe takardar matsayarmu da wannan, na kuma goyi bayanta.

8 ga Fabrairu

Makon nan muka bi zaman share fage na kwamitin da zai rubuta yarjejeniyar haraji ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Tun ranar farko, 3 ga wata, wakilin Amurka ya ce ƙasarsa ta fita, ya kuma yi kira ga wasu su bi ta. Babu wadda ta tashi. Aka ci gaba da zama ƙarƙashin shugabancin Ramy Youssef na Masar.

Zan rubuta yadda aka iso nan, saboda ɗalibanmu sun tarar da abin a tsakiya. Shekara da shekaru ƙa'idojin harajin duniya a Faris ake tsara su, a ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arziki. A taron Adis Ababa na Yulin 2015 ƙasashe masu tasowa suka nemi a kafa hukumar haraji ta gwamnatoci a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda kowace ƙasa ke da ƙuri'a ɗaya. Aka hana. Abin da suka samu kawai shi ne ƙarin kwanakin zama ga wani kwamitin ƙwararru 25. Ƙungiyoyin farar hula ba su saki maganar ba. A ƙarshen 2022 Najeriya ta gabatar da ƙuduri a madadin ƙasashen Afirka, ya wuce. A Nuwamban 2023 aka kaɗa ƙuri'a kan fara shirya yarjejeniya: 125 suka amince, 48 suka ƙi, 9 suka ƙaurace. A Agustan 2024 aka amince da sharuɗɗan aikin da ƙuri'a 110, ƙasashe 44 suka ƙaurace, takwas suka ƙi: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya, Jafan, Koriya ta Kudu, Niyu Zilan da Isra'ila. Daga 48 zuwa 8 cikin wata tara. An ba kwamitin zuwa 2027 ya kammala.

Tare da uwar yarjejeniyar za a rubuta ƙananan yarjejeniyoyi biyu tun da wuri, ɗaya kan harajin hidimomin da ake sayarwa daga wata ƙasa zuwa wata, ɗaya kan sasanta rigingimun haraji. Mun so ta biyun ta zama kan sulalewar kuɗi kai tsaye. Ba a zaɓi haka ba, kuma abin ya ɓata mini rai.

1 ga Maris

Babi na biyu, wanda shi ne zuciyar littafin. Awa huɗu muka yi, kuma Baba ne ya riƙe zaman.

Ya ɗauki alli ya ce, “'Ya'yana, ku manta da biliyan, ku riƙe ɗari.” A ce kamfani ya haƙo jan ƙarfe da kasuwa ke saye a ɗari. Maimakon ya kai kasuwa, sai ya sayar wa ƙaninsa, wani kamfani na uba ɗaya da aka yi wa rajista a inda haraji bai taka kara ya karya ba, a kan saba'in. Ƙanin ya juya ya sayar wa mai saye na gaskiya a ɗari. Jirgin ruwan bai taɓa zuwa ƙasar ƙanin ba, takarda ce kawai ta bi ta can. Talatin ɗin nan ta zauna a waje, ƙasar da aka haƙa wa rami kuwa an nuna mata littafin da ke cewa ba a ci riba ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Malama ta ƙara da cewa ta ɗaya ɓangaren ma haka ake yi. Injin da za a shigo da shi a ninka farashinsa. Uwar kamfani ta ba 'yarta bashi da ruwa mai tsada, ruwan kuma ana cire shi kafin a lissafa haraji. A caji kuɗin shawara, kuɗin gudanarwa, kuɗin amfani da sunan kamfani, abubuwan da ba wanda zai iya ɗora su a sikeli. Wata ɗaliba ta ce, “To Baba, ku a bakin iyaka ba ku gani ne?” Ya yi shiru kaɗan kafin ya amsa. “'Yata, ina ganin kwantena, ina ganin takarda, kuma takardar ta dace da kwantenar. Abin da ba na gani shi ne mai saye da mai sayarwa mutum ɗaya ne.” Na rubuta maganar yadda ya faɗe ta, da ita za mu buɗe babin.

Misalin gaskiya da muka zaɓa shi ne na Zambiya. A 2020 Kotun Ƙolin ƙasar ta ba hukumar haraji gaskiya a shari'arta da kamfanin Mopani, wanda a lokacin yake hannun Glencore, kan farashin da yake sayar wa uwar kamfaninsa jan ƙarfe. An umarce shi ya biya kwaca miliyan 240, kusan dala miliyan 13. Cinikin da ake magana a kai ya haura shekara goma kafin a yanke hukunci. Wannan shi ne nasarar da ake misali da ita, ka ga kuwa irin wahalar da ke gaban ƙaramar hukumar haraji.

Mun kuma yi gardama kan kalma. In muka ce “kuɗin haram”, mai karatu zai ɗauka sai wanda ya karya doka. Amma da yawa daga abin da Baba ya zana doka ba ta kama shi, ko kuma kama shi sai an yi shekaru a kotu. Ƙasashe masu arziki sun daɗe suna so a tsaya kan abin da ya karya doka kawai. Rahoton Mbeki bai yarda da wannan iyakar ba, haka ma tsarin aunawa da hukumar ciniki da raya ƙasa (UNCTAD) da ofishin yaƙi da laifuka na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2020, wanda ya haɗa da kauce wa haraji mai tsanani. Muka tsaya a kan “sulalewa”, don kalmar tana ɗauke da ɓoyo ba tare da ta yanke hukuncin kotu ba.

25 ga Maris

Labari mara daɗi. Ma'aikatar kuɗin Amurka ta cire kamfanonin cikin gida daga wajibcin bayyana ainihin masu su, ƙarƙashin dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024. Ba ta shekara biyu ba ke nan. Kafin wannan, a 22 ga Nuwamban 2022, Kotun Tarayyar Turai ta soke damar da kowa ke da ita ta duba rajistar masu kamfanoni, bayan ƙarar da ta taso daga Lukzambur. Ƙofofi biyu manya sun rufe cikin shekara uku.

Kamfanin fanko, wanda ba shi da ma'aikaci ko ofis sai suna a rajista, shi ne akwatin da ake zuba duk abin da aka kwaso. Takardun Panama na 2016, miliyan 11.5 daga ofishin lauyoyi ɗaya tak, sun nuna wa duniya haka, takardun Pandora na 2021 suka maimaita. Ɗaya daga 'yan jaridarmu ya ce bai kamata sanin mai mahaƙar ma'adinai ko mai kwangilar hanya ya dogara ga wani ya yi kasadar ransa ya fitar da takardun sirri ba. Na sa maganarsa a babi na huɗu.

19 ga Afrilu

Yau aka yi saɓani mafi zafi tun da muka fara, kuma kan lambobi ne.

Ɗaliban sun kwashe mako uku suna gwada alƙaluman cinikin ƙasashe: abin da ƙasa ta ce ta fitar, da abin da ƙasar da ta saya ta ce ta karɓa. Sun samu giɓi mai girma, suka zo da murna suna so a buga shi a bangon littafi da manyan haruffa. Malama ta ce a'a. Ta nuna musu cewa mai fitarwa yakan rubuta farashin kaya a bakin tasharsa, mai shigarwa kuwa yakan haɗa da kuɗin jirgi da inshora, don haka dole a ga bambanci ko ba a saci ko sisi ba. Kayan da suka tashi a Disamba suna isa a Janairu, sun faɗa shekara biyu daban. Kayan da suka yada zango a wata tashar kafin su wuce, wannan ya rubuta inda suka tsaya, wancan ya rubuta inda suka fito. Ta tuna musu da rahoton UNCTAD na 2016 kan zinariyar Afirka ta Kudu, wanda masu ma'adinai suka yi wa ca, domin babban ɓangaren giɓin ya samo asali ne daga yadda ƙasar ke rubuta zinariyarta a ƙididdiga. Shekaru aka yi ana jifan masu fafutuka da wannan kuskuren.

Wani ɗalibi ya fusata ya ce, “Malama, ke nan so kike mu ce babu komai?” Ta ce, “Akwai, kuma da yawa. Shi ya sa ba na so ka ba su sandar da za su doke ka da ita.”

Ina tare da ita ɗari bisa ɗari. Giɓin alama ce da ke nuna inda ya kamata a haƙa, ba ita ce hujjar ba. Za mu yi amfani da adadin Mbeki da na UNCTAD na 2020, dala biliyan 88.6 a shekara, kwatankwacin kashi 3.7 cikin ɗari na arzikin da Afirka ke samarwa, mu faɗa ƙarara cewa ƙiyasi ne kuma hanyoyin lissafinsu sun bambanta. Aikin ɗaliban zai shiga a matsayin darasi kan yadda ake karanta irin waɗannan alƙaluma. Biyu daga cikinsu sun tafi ransu a ɓace. Zan kira su gobe.

17 ga Mayu

Babin zinariya ya kammala, kuma ɗalibin da ya fusata a watan jiya shi ya rubuta rabinsa. A nan giɓin yana da ƙafafu. Ƙungiyar Swissaid ta bi sawun ƙasa bayan ƙasa, ta fitar a 2024 cewa aƙalla tan 435 na zinariya aka yi fasa-ƙwaurinsu daga Afirka a 2022 kaɗai, darajarsu kusan dala biliyan 31, mafi yawa zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Da zarar an narka ta a matata, asalinta ya ɓace. Mun kula kada babin ya ɗora laifi kan mai haƙa da diga da shebur, wanda shi ne ke shiga rami ya kuma fi kowa samun kaɗan.

5 ga Yuli

An rufe taron Sebiya na ƙasar Sifaniya shekaranjiya, taro na huɗu kan samar da kuɗin raya ƙasashe, shekara goma cif bayan na Adis Ababa. Amurka ta janye tun kafin a fara. Mun karanta takardar ƙarshe layi-layi da Barista. Akwai maganar rajistar ainihin masu kamfanoni ta duniya baki ɗaya, akwai maganar rumbun da kowa zai iya dubawa na rahoton riba da haraji da kamfanoni ke bayarwa ƙasa-ƙasa. Sai dai duk biyun “a duba yiwuwarsu” aka ce, ba “a yi” ba. Barista ta ce a harshen irin waɗannan takardu, shigar kalma ma ci gaba ne, domin gobe za ka iya nuna ta ka ce kun sa hannu. Na karɓi wannan, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Muradin ci gaba mai lamba 16.4 na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rage sulalewar kuɗi sosai kafin 2030, saura shekara biyar.

Kwana biyu kafin buɗe taron, ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki (G7) suka sanar da fahimtar juna da za ta keɓe kamfanonin Amurka daga muhimman sassan harajin kashi 15. Na ƙara sakin layi ɗaya a takardar matsayarmu.

21 ga Yuli

Takardar matsaya ta fita, shafi shida. Buƙatunmu ba sababbi ba ne, su ne waɗanda ƙungiyar fafutukar adalcin haraji ta Tax Justice Network da takwarorinta suka daɗe suna nanatawa, amma mun yi ƙoƙarin faɗin dalilin kowace daga idon ƙaramar hukumar haraji.

Musayar bayanan asusun banki ta atomatik ta fara aiki tun 2017, amma sai ka iya bayarwa kafin a ba ka, ga kuma tsadar na'urori da sharuɗɗan tsaron bayanai. Ƙasar da kuɗin 'ya'yanta ke kwance a Zurik ko Landan, wadda kusan babu Bature mai ɓoye kuɗi a bankunanta, an ce sai ta gina duk wannan kafin ta ji komai. Amurka kuwa tana karɓar bayanai daga duniya da dokarta ta FATCA ta 2010, amma ba ta shiga tsarin gama-gari ba. Wanzami ba ya son jarfa. Rahoton ƙasa-ƙasa, wanda ke nuna inda kamfani ke da ma'aikata da inda yake rubuta ribarsa, kamfanonin da cinikinsu ya kai yuro miliyan 750 ne ke bayarwa, kuma ga ƙasar uwar kamfani suke miƙawa, ƙasashen Afirka da yawa ba ya isa gare su. In an buga shi a fili, magana ta ƙare, kowa ya gani. Ostireliya ta yi dokar hakan a ƙarshen 2024, sama kuma ba ta faɗo ba.

Mun aika wa ma'aikatar da abin ya shafa, mun kuma nemi ganawa.

18 ga Agusta

An gama zaman mako biyu a Niyu Yok. Mun bi ta intanet, muna raba sa'o'i tsakaninmu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gardamar harajin hidimomi. Tsohuwar ƙa'ida, wadda asalinta ke komawa shekarun 1920 zamanin Ƙungiyar Ƙasashe ta farko, ta ce ba ka da ikon karɓar haraji kan ribar kamfanin waje sai yana da mazauni na dindindin a ƙasarka. Yau kamfani na iya sayar da talla, manhaja, inshora ko shawarar injiniya ga miliyoyin mutane ba tare da ya kafa ko rumfa ba. Wakilan Afirka da Indiya da wasunsu na cewa inda ake biyan kuɗin yana da haƙƙi. Wakilan Turai na yawan komawa ga cewa kada a maimaita aikin da aka riga aka yi a wani wuri.

Daga ma'aikatar shiru. Mun sake rubutawa.

9 ga Satumba

Karatun yarjejeniyoyin haraji yana tafiyar hawainiya. Barista kaɗai ke iya warware su, ga kuma aikinta na neman abinci. Mun gama uku. Abin da ke maimaita kansa shi ne rage harajin da ake cirewa tun daga tushe kan ruwan bashi, ribar hannun jari da kuɗin hidima, da barin harajin ribar sayar da kadara ga ɗaya ƙasar. Mai zuba jari daga ko'ina sai ya buɗe kamfanin fanko a ƙasar da ke da yarjejeniya mai sauƙi, ya shigo ta nan.

Abin da ke ƙarfafa mana gwiwa shi ne an taɓa kayar da irinsu. Tax Justice Network Africa ta kai gwamnatin Kenya kotu kan yarjejeniyarta da Morishas, a Maris 2019 Babbar Kotu ta soke ta saboda ba a gabatar wa majalisa yadda doka ta tanada ba. Zuwa 2020 Senegal da Zambiya duk sun yi watsi da nasu da Morishas. Ta ƙofar ƙa'idar majalisa aka ci shari'ar Kenya, ba ta hujjar asarar kuɗi ba, don haka Barista ta ce tambayar farko kan kowace yarjejeniya ita ce: wa ya gan ta kafin a sa hannu?

Ɗalibai uku sun koma karatu. Kuɗin buga littafi bai cika ba.

4 ga Oktoba

Na rubuta babin Mozambik ni kaɗai, cikin dare uku, kuma shi ya fi taɓa ni. A 2013 da 2014 kamfanonin gwamnati uku suka ci bashin kusan dala biliyan 2 ta hannun Credit Suisse da bankin VTB na Rasha, da sunan jiragen kamun kifi da tsaron gaɓar teku, gwamnati ta tsaya musu ba tare da amincewar majalisa ba. Da asiri ya tonu a 2016 masu ba da tallafi suka janye, kuɗin ƙasar ya faɗi, talaka da bai san an ci bashi ba ya biya da cikinsa da lafiyar 'ya'yansa. Ƙungiyoyin farar hula na ƙasar ne suka tattara sa hannun jama'a suka kai ƙara Majalisar Tsarin Mulki, wadda a 2019 ta ce bashin farko haramtacce ne, a 2020 ta ce haka kan sauran biyun. A 2021 Credit Suisse ya amince ya biya tarar kusan dala miliyan 475 ga hukumomin Amurka da Birtaniya, ya kuma yafe wa Mozambik miliyan 200. Tsohon ministan kuɗi Manuel Chang, kotun Niyu Yok ta ɗaure shi shekara takwas da rabi a Janairun bana.

Na daɗe ina kallon lambobin nan biyu, 475 da 200. Wanda aka cuta ya samu ƙasa da rabin abin da hukumomin Amurka da Birtaniya suka karɓa. Zan ƙara wata buƙata a bugu na gaba na takardar matsayarmu: tarar da aka ci kan ɓarnar da aka yi a wata ƙasa, a ba mutanen ƙasar rabonsu.

27 ga Oktoba

Ranar Juma'a hukumar FATF mai yaƙi da halasta kuɗin haram ta cire Afirka ta Kudu, Najeriya, Mozambik da Burkina Faso daga jerin ƙasashen da take sa wa ido. Abin farin ciki ne, domin zama a jerin na sa aika kuɗi da cin bashi su yi tsada. Amma Baba ya yi tambayar da ta dace: inda kuɗin ke tashi ana sa masa ido, inda yake sauka fa? A ma'aunin sirrin kuɗi na Tax Justice Network, Amurka ce ta ɗaya tun 2022, Suwizalan na biye.

Ma'aikatar ta amsa bayan wata uku. Wani matashin jami'i ya karɓe mu, ya karanta takardar tun kafin mu zo, har ya ja layi a wurare. Ya gaya mana gaskiya cewa su kaɗan ne ke riƙe da fayil ɗin, kuma ba kowane zama ake samun kuɗin tura wakili ba. Na fita da tausayinsa fiye da fushin da na shiga da shi. Ya roƙi taƙaitaccen bayani kan harajin hidimomi, shafi biyu, kafin zaman Nairobi. Malama da Barista sun ce za su kwana a kai.

22 ga Nuwamba

Zaman Nairobi ya ƙare a makon nan, karo na farko da tattaunawar ta zo Afirka. An fara taɓa daftarin sassan yarjejeniyar, har da sashen da ya shafi sulalewar kuɗi ta fuskar haraji. Yanzu ne ainihin ja-in-ja zai fara, kan kowace kalma: “za su” ko “za su yi ƙoƙari”. Jami'in nan ya aiko da saƙon layi ɗaya cewa shafi biyun sun yi amfani.

Mun gwada littafin a kan mutum shida da ba su taɓa jin maganar ba. Babin Baba kowa ya gane shi, har wata ta sake zana misalin ɗari da saba'in da kanta ba tare da ta duba ba. Babin musayar bayanai kuwa huɗu sun ajiye shi a tsakiya. Laifin rubutuna ne, na cika shi da sunayen tsare-tsare. Zan sake shi daga farko, in fara da mutum ɗaya da asusu ɗaya.

13 ga Disamba

Inda muke: babi biyar cikin shida sun shirya. Yarjejeniyoyi huɗu aka karanta, saura biyar, kuma wani lauya matashi ya yarda zai taya Barista daga Janairu. Kuɗin da ke hannu zai buga rabin adadin da muka so, don haka za mu fara sakin littafin ta waya, a karanta shi kuma da murya saboda waɗanda sauraro ya fi musu sauƙi. Baba ya ce shi zai karanta babinsa da bakinsa.

Takardar matsaya na buƙatar gyara kafin zaman farkon 2026: a ƙara maganar rabon tara, a kuma rubuta kalmomin da muke so a gani a sashen sulalewar kuɗi, ba buƙata a dunƙule ba. Barista za ta kawo daftari ranar 10 ga Janairu, ni kuma babi na uku da na sake.